Wanda Ya Fara Zana Layin Dogo

Ni ɗan fari ne, saboda haka na girma ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba. A Fagge ta wancan zamani wannan ba abin kai ƙara ba ne, haka kowane ɗan fari ya tashi. In Baba yana son ruwa ina kusa, sai ya dubi bango ya tambaye shi ko gidan nan babu mai ɗebo ruwa. In kuwa ƙanensa yana nan, wanda muke kira Baffa, sai ya ce masa, "Gaya wa wancan ya miƙo almakashi." Ina zaune gwiwata tana gogar ta Baffa, almakashin yana gabana, amma sai Baffa ya juyo ya maimaita mini kafin in miƙa. Na gama makaranta, na zama malami, na yi aure, na ajiye gemu, sunana bai wuce wancan ba. Ranar da yake cikin nishaɗi ne kawai nakan sami ƙarin girma, in zama "malamin bokon nan".

Sana'ar Baba hula ce, shi ke zanawa, shi ke ɗinkawa. Kakanmu daga Barno ya zo, ya sauka a Fagge da niyyar ɗan hutawa, bai sake komawa ba. Barbarcin ya ƙare a bakin kakarmu, abin da ya rage mana na can shi ne allura da zare. Baba ya koyi aikin a hannun wani tsoho ɗan garinsu kakanmu, wanda ya rasu tun ina goye. Ba ya ambatonsa sai ya ce "maigidana", ya bi da addu'a.

Akwai wani zanen hula da duk Kano ta sani a shekarun hamsin, ana ce masa layin dogo. Layi biyu ne suke zagaya jikin hular a jere, da gajerun sanduna a tsakaninsu. In sun iso goshi sai ɗaya ya ratsa ɗaya su sake rabuwa, yadda dogo ke yi a bakin tasha. Baba ne ya fara zana shi, kuma na san haka domin ina wurin. Ina ƙarami ya raka wani baƙo tashar jirgi, jirgin ya makara, ya wuni yana kallon ƙasa. Da ya dawo ko ruwa bai sha ba, ya ɗauki alƙalami da farin ƙyalle, ya yi ta ɓata ƙyalle har mahaifiyata ta fara magana daga cikin gida. Kafin Sallar wannan shekara, ma'aikatan reluwe sun fara layi a ƙofar zaurenmu.

To, zane ba shi da ƙofa. Kafin a ce me, kowane maɗinki ya ɗauka. Na cikin birni suka ce ai tun kakanninsu ake yin sa, kamar kakanninsu sun taɓa ganin jirgi. Masu sayar da zare a Kantin Kwari suna gaya wa baƙi daga Barno ya zo, wani ma na ji shi da kunnena yana rantsuwa alhazai ne suka taho da shi. Baba yana jin duk wannan, yana ta ɗinkinsa. Ni kuwa abin yana cina. A lokacin idonsa ya fara rauni, sai ya ba yara allura sun zura masa zare, kuma na san ranar ajiye aikin ba ta da nisa. Abu ɗaya nake so kafin ranar ta zo: a rubuta a wani wuri da ba ya gogewa cewa shi ne ya ƙirƙiro layin dogo.

Ana nan sai na ci karo da wata mujallar masana a ɗakin karatun da nake zuwa bayan an tashi daga makaranta. A Badun ake buga ta, da Turanci, kuma babu hoto a bangonta, abin da ya tabbatar mini ta manya ce. A shafin ƙarshe editan ya yi sanarwa cewa yana neman maƙalu a kan yadda masu sana'ar hannu ke ƙirƙiro sabon abu. A ƙasa ya jera ƙa'idoji. A buga da keken rubutu. A bar fili tsakanin layi da layi. A bar fili a gefe. A aiko kwafi biyu. A faɗi inda aka samo kowace magana. Na karanta ƙa'idojin nan na ji sun yi mini daidai, domin ni ma a aji haka nake, yaro bai isa ya kawo mini aiki ba tare da ya ja layi a gefe ba.

Na gaya wa Baffa abin da zan yi, don ya isar.

"Su waye za su karanta?" in ji shi.

"Masana, Baffa. Na nan ƙasar da na ƙasar Turawa."

"Hular za su saya?"

"A'a. Sani kawai suke so."

"In sun sani sai su yi me?"

"Sai su ajiye."

Baffa ya ce to ba laifi, tunda ba za su cuci kowa ba. Da yamma ya isar da saƙon ina zaune. Baba bai ɗago daga ɗinkinsa ba, ya ce wa Baffa, "Wanda ba shi da aikin yi ai sai ya nemo." Amma washegari na ga ya yanko sabon ƙyalle ya fara zana layin dogo a hankali, hancinsa kusan yana taɓa ƙyallen, alhali babu wanda ya ba shi aikin hula a makon.

Na yi damina guda ina rubutu. Na kwatanta zanen dalla-dalla, na auna tazarar sandunan, na jera tsofaffin zanuka na nuna babu mai layi biyu da suka ratsa juna a cikinsu. Na ba da labarin ranar tasha. Ban tambayi Baba komai ba, domin ban ga abin tambaya ba. Abin da mutum ya gani da idonsa ba ya zuwa neman a ba shi labarinsa.

Matsalar farko keken rubutu ce. Na makarantarmu na hedimasta ne, kuma ya fi son sa a kan wasu daga cikin 'ya'yansa. Sai na tuna da wani akawun reluwe, mutumin Zariya, Kirista, wanda ya daɗe yana ba Baba ɗinkin hula. Ran Lahadi ma da ita yake zuwa coci. Yana zaune a Sabon Gari, kuma matarsa tana da keke, tana buga wa mutane takardu a barandar gidansu. Mace ce mai tabarau, ba ta dariya a kan aiki, tana buga rubutu tana girgiza jariri da ƙafa. Ina ce mata Malama, tana ce mini Malam, muna girmama juna ba tare da ɗayanmu ya yarda da Turancin ɗaya ba.

Da muka zo wurin sunan mai sana'ar, ta ga na bar fili. Ta tambaye ni sunan. Na buɗe baki, bakin ya ƙi. Ban taɓa furta sunan Baba ba, ban kuma ga dalilin da zan fara a barandar mutane ba. Na yagi 'yar takarda na rubuta, na tura mata. Ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wannan ai maɗinkin maigidana ne. Ba mahaifinka ba ne?"

"Shi ne."

"To ka faɗa a ciki. Mutanen nan in suka gano daga baya, cewa za su yi ɓoyewa ka yi."

Ban so ba, amma na ga gaskiyarta. Muka ƙara layi ɗaya a ƙasan shafin farko cewa marubucin ɗan mai sana'ar ne. Ta buga shi ba kuskure ko ɗaya, abin da ba zan iya faɗa a kan sauran shafukan ba.

Sai hoto. Baffa ya kawo mini sabuwar hular da Baba ya gama, ya ce an ce in ana bukatar ta nunawa, ga wata nan tana zaune ba ta da aiki. Na kai ta wurin wani mai hoto a Sabon Gari, na ce hular kaɗai nake so a ɗauka. Mutumin ya ce tunda ya buɗe shago bai taɓa ɗaukar hula ba kai a ciki ba, kuma ba zai ɓata sunansa ba. Ya ɗora mini ita, ya zaunar da ni kusa da tukunyar fure, ya sa na dafa wani teburi mai agogon da ba ya aiki. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Ana ganin furen sarai, da agogon, da gemuna. Hular ce dai ta fito kamar ƙullin tuwo a can sama. Sai da na koma na yi masa faɗa, na kifa ta a kan ƙwarya, sa'an nan ya ɗauka yana gunaguni, ya kuma roƙe ni kada in gaya wa kowa a shagonsa aka yi.

Na haɗa kwafi biyun da hoton a babbar ambulan, na kai gidan waya na yi rajista. Ma'aikacin ya auna ta a sikeli ya tambaye ni ko ƙara ce nake kai wa Gwamna. Na ce bincike ne. Ya ce Allah ya ba mai gaskiya sa'a.

Daga nan sai jira. Kaka ta zo ta wuce, aka tara gyaɗa a bakin tasha aka fara kwashewa. Baba bai taɓa tambayar maƙalar ba. Sai dai ya ɗauki wata sabuwar al'ada ta tambayar Baffa ko jirgin kudu ya iso, shi da ba shi da kowa a kudu.

Amsar ta zo lokacin da zafi ya fara. Editan ya yi godiya cikin ladabi, ya ce ya ba masana biyu sun duba, kuma bisa ƙa'ida ba za a faɗi sunansu ba. Na farkon ya ce aikin ya burge shi, bai ƙara komai ba, ina zaton bai karanta ba. Na biyun ya karanta, Allah ya saka masa. Ya ce marubucin ɗan mai sana'ar ne, kuma yaro ne ƙarami lokacin da abin ya faru, don haka shaidarsa ba ta isa ba. Ya ce abin mamaki ne a rubuta waɗannan shafuka a kan mutumin da yake raye, amma babu kalmarsa ko ɗaya a ciki. Ya ba da shawara marubucin ya zauna da mai sana'ar, su biyu, cikin sakin jiki, su yi hira ido da ido a kan yadda tunanin ya zo masa.

Na karanta wannan shawara a tsaye a ƙofar gidan waya. Na yi ƙoƙarin hango ni da Baba mu biyu cikin sakin jiki, ido da ido, hoton ya ƙi fitowa. Wanda ya rubuta ta, ko waye shi, na tabbata ƙanen ubansa bai taɓa yi masa aikin komai ba.

Amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Na shirya tambayoyina a takarda, na sami Baffa, muka zauna a zaure bayan la'asar. Baba yana kan buzunsa, Baffa a tsakiya, ni a bakin ƙofa da fensir.

"Baffa, a tambaye shi, zanen layin dogo wa ya fara yin sa?"

Baffa ya juya. "Yaya, wai wa ya fara layin dogo?"

Baba ya ja zare ya cije shi. "Gaya masa a hannun maigidana na samu, Allah ya jiƙansa."

Baffa ya juyo. "Ya ce a hannun maigidansa ya samu."

"Na ji, Baffa. A tuna masa maigidan ya rasu da daɗewa kafin a fara ɗinka shi."

"Gaya masa ya nuna mini tun yana da rai. Ni dai ban ɗinka ba sai daga baya."

"A tambaye shi ranar da ya raka baƙo tasha fa."

"Gaya masa na raka baƙi da yawa."

Na san al'adar, a cikinta na tashi. A sana'armu mutum ba ya cewa ni na yi. Ko ɗinkin da ya gama yanzu ka yaba, sai ya ce albarkacin na gaba ne. Faɗar ni na ƙirƙiro rashin kunya ce, kuma cin fuska ne ga wanda ya koya maka riƙe allura. Wasu ne ke faɗa maka, kai kana musu, su suna nacewa, a haka magana ke zama. Duk wannan na sani. Abin da na ɗauka shi ne, in aka bayyana wa Baba cewa wannan ba hirar zaure ba ce, takarda ce da za ta je ta zauna, zai sassauta ko sau ɗaya. Na sa Baffa ya bayyana masa. Na sa ya gaya masa duk abin da ya faɗa shi za a buga, ba ƙari ba ragi. Baba ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya ce wa Baffa, "To ai shi ke nan. Wancan ai ya san aikinsa."

Na sake gwadawa a wasu ranaku, ta wasu hanyoyi. Na bi ta mahaifiyata, ta ce kada in sa ta cikin shirmen maza. Na sa Baffa ya tambayi Baba ko akwai wani abu, ko ƙanƙane, da ya ƙara a kan abin da maigidan ya nuna masa. Ya ce wa Baffa shi wane ne da zai ƙara. Raina ya ɓaci sosai a ranar. Na fita na zagaya Fagge ina magana ni kaɗai, ina cewa ga mutum ana so a ɗora shi a kan doki yana riƙe da ƙafar jaki. Na tarar da Baffa a hanya na ce masa ya taimaka ya lallashe shi. Baffa ya dube ni da mamaki ya ce, "Lallashi na me? Ai ya amsa maka da kyau." Ban tsaya na tambaye shi me yake nufi da kyau ba, domin a lokacin ba na son jin muryar kowa daga gidanmu.

Na bi abokan sana'arsa na Fagge ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ya ce Baba ne, har suna mamakin tambayar. Na rubuta maganarsu, na rubuta ta Baba kalma da kalma yadda ya faɗa, domin ban iya ƙarya a takarda ba, kuma ba a koya mini ba. Malama ta sake bugawa, na sake aunawa a sikeli, na sake jira.

Wannan karon editan da kansa ya amsa. Ya ce yanzu aikin ya yi armashi, zai buga. Sai dai tunda mai sana'ar da bakinsa ya jingina zanen ga maigidansa, mujalla ba za ta iya cewa akasin haka a kan maganar ɗansa da abokansa ba. Ya sa jan tawada ya soke jimlata mai cewa Baba ne ya ƙirƙiro zanen, ya rubuta tasa a sama: cewa zanen na wani tsohon gwani ne da ya rasu, almajirinsa kuma shi ya yaɗa shi a Kano. Maganar abokan ya ce za ta iya zama a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe in fili ya samu. Ya ce in na amince in sa hannu in mayar.

Na ajiye takardar nan a aljihu ina yawo da ita har ta fara yagewa a lanƙwasa. In na ƙi, babu maƙala, babu hoto, babu sunan Baba a ko'ina, masu zare su ci gaba da alhazansu. In na yarda, sunansa zai shiga, amma a matsayin mai yaɗawa. Na ce wa kaina rabin abu ya fi babu. Na kuma ce wa kaina, da sauran fushi a ciki, tunda shi ya faɗa a rubuta masa abin da ya faɗa. Sa'an nan Baba ba ya jin Turanci. In mujallar ta zo ni zan karanta masa ta bakin Baffa, kuma na san inda zan yi tari in tsallake layi.

Da na kai wa Malama shafin ta gyara, ta karanta jan rubutun, ta tsayar da ƙafar da take girgiza jariri.

"Malam, haka za a buga?"

"Haka editan ya ce."

"To," in ji ta, ta zura takarda a keke.

Mujallar ta iso bayan kusan shekara. Sunana yana nan a jerin marubuta, tsakanin wani farfesa da wani likita, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har na karanta shi sau da yawa a hanya. Hoton hular ya fito fes, ba a ganin ƙwaryar. Fili bai samu ba, maganar abokan Baba ba ta shiga ba.

Na nuna wa Baffa, na ce in an sami lokaci zan karanta musu. Baffa ya karɓa ya shiga da ita wurin Baba. Da ya fito ya ce an sa ranar Juma'a bayan la'asar. Ban san akwai abin sa rana a ciki ba.

Ran Juma'a na dawo na tarar an share zaure an shimfiɗa tabarmin baƙi. An sayo goro. Abokan sana'ar Baba sun cika wurin, har da biyu daga cikin birni da ban san wa ya gayyato su ba. Baba yana sanye da rigar da ba ya fito da ita sai Sallah, yana zaune yana kallon ƙasa, fuskar nan a ɗaure, irin ta mutumin da za a yabe shi kuma ya shirya musu. A gefensa ga akawun reluwe, da hularsa ta layin dogo, mujallar a kan cinyarsa.

Na ja Baffa gefe na ce ai ni zan karanta. Baffa ya ce haba, ina aka taɓa yin haka, ɗa ya tashi a gaban mutane yana yabon ubansa da bakinsa. Ya ce shi ya sa Baba ya aika aka ɗauko akawu, baƙo ne, kuma ya iya fassara. Na nemi wuri a bakin ƙofa na zauna.

Akawun ya iya fassara, babu shakka. Ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya riƙa karanta jimla da Turanci yana mayar da ita Hausa a tsanake, da irin muryar da ake karatu da ita a coci. Bai tsallake ko waƙafi ba. Da ya faɗi sunan Baba, tsofaffin suka yi gyaran murya na jin daɗi. Da ya zo kwatancin zanen, aka zagaya da mujallar kowa ya ga hoton, har waɗanda suka riƙe ta a kife suka yaba. Na yi ta kallon yatsansa yana gangarowa shafin. Na san layin da ke tafe, na kuma san mutumin nan ba mai tari ba ne.

Ya karanta shi da Turanci, ya ɗan tsaya. Ya sake duba layin. Sa'an nan ya faɗa da Hausa, daidai yadda yake: zanen na wani tsohon gwani ne da ya rasu, almajirinsa kuma shi ya yaɗa shi a Kano.

Wani tsoho ya ce, "A'a, Malam, duba da kyau, akwai saura." Akawun ya duba, ya juya shafin, ya duba bayansa, ya ce babu saura a kan wannan. Ɗaya daga cikin mutanen birni ya ce ai dama sun faɗa tsohon zane ne, ya miƙa hannu ya ɗauki goro.

Baba ne ya fara magana. Ya ce haka ne, gaskiya aka rubuta, a hannun maigidansa ya samu, Allah ya jiƙansa. Aka ce amin. Ya dakata, yadda aka saba, abokansa suka fara nacewa cewa wa bai san shi ne ba. Amma nacewar ba ta yi ƙarfi ba, domin kowa yana satar kallon mujallar da ke hannun akawu. Ta riga ta faɗi tata, kuma ba ta cikin masu sake magana. Aka raba goro, aka yi addu'a, mutane suka fara neman takalmansu tun rana ba ta yi sanyi ba.

Baffa ya tafi raka akawu. Ban ankara ba sai na ga saura ni da Baba a zauren, mu biyu, abin da ba na tuna ya taɓa faruwa tun ina yaro. Na yunƙura zan fita. Har yau ina nan a kan cewa na bi ƙa'ida, na rubuta abin da aka faɗa mini, kuma da za a kai mu gaban alƙali ni zan yi nasara. Duk wannan bayani yana bakina a shirye, jira nake Baffa ya dawo in ba shi ya isar.

Baba bai jira Baffa ba. Bai dubi bango ba. Ya ɗago ya dube ni da idanun nan da suka fara fari, ya yi magana da ni, ni ɗin nan, ba a sama ba, ba da faɗa ba.

"Ni bakina ba zai faɗa ba, ka sani. Kai da kake wurin, me ya hana naka?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Bayanin da na shirya na Baffa ne, ban tanadi wanda zan faɗa wa Baba kai tsaye ba. Ya jira ni kaɗan, sa'an nan ya tattara babbar rigarsa ya shige cikin gida.